Ta Yi Rabin Yini

Aikina duba rajista ne. Idan na faɗa wa mutane haka a gidan biki sai su gyaɗa kai su koma maganar anko, kuma ban ga laifinsu ba. Ina bin ƙananan asibitocin da ke kewayen Abuja, in zauna a kan benci ko kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa, in buɗe babban littafin da ake rubuta haihuwa a ciki, in gwada abin da ke cikinsa da abin da aka aika ofis a ƙarshen wata. Nawa aka haifa, nawa suka zo babu rai, nawa suka zo da rai sannan suka koma. Yau Bwari, gobe ƙauyukan bayanta, inda mota ke sauke mutum ya ƙarasa a kan acaɓa tsakanin gonakin doya. Nas-nas ba sa murna da zuwana. Da na sa ƙafa sai hira ta mutu, in ji wata ta ce wa 'yar'uwarta a hankali, “Madam rajista ta zo.” Abincin rana ni kaɗai nake cinsa, a gindin duk bishiyar da na samu.

Littafin haihuwa dogo ne, idan an buɗe shi sai ya cinye tebur. Kowace haihuwa layi ɗaya gare ta, daga wannan shafi zuwa wancan, an raba shi gida-gida. Ungozomar asibiti tana cike gidajen ne daga hagu zuwa dama, yadda abubuwa ke faruwa: sunan uwa, lokacin da ta zo, lokacin da ta sauka, namiji ko mace, nauyi, sannan ko an sa jariri a nono da wuri. Gidan ƙarshe shi ne na yadda aka ƙare, kuma sai daga baya ake cike shi.

A wannan gida na ƙarshe ake ɓata abu. Jariri zai zo da ransa, ya yi kuka, ya yi awa biyu ko uku, numfashi ya gagare shi, ya cika. In aka rubuta gaskiya, akwai fom mai shafi da yawa da za a cike, akwai taron da za a kira a yi ta tambayar wa ya yi me, ga uba tsaye a bakin ƙofa da zane a hannu yana so a binne kafin la'asar. In kuwa aka sa alama a gidan “bai zo da rai ba”, magana ta ƙare. To amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Hannun da ya sa alamar ƙarshe ba ya tuna ya koma baya ya goge ta gidan nono. Ni kuwa can nake fara kai yatsa. In na ga an ce ya sha nono, kuma an ce bai zo da rai ba, sai in juya littafin in tura wa mai shi in ce, “Sista, gawa ce ta sha nono?”

Bakina ba shi da daɗi, na sani. Har oganmu ya taɓa kirana ya ce in riƙa sassautawa. Amma abin yana ci mani rai, domin waɗanda ke sama da wannan lissafi suke aiki. In duk jariran da suka mutu a yininsu na farko aka tura su gidan waɗanda suka mutu a ciki, sai a ɗauka matsalar ta goyon ciki ce, a je ana ta neman magani inda babu ciwo, alhali abin da aka rasa shi ne abin janye majina, ko ɗumi, ko motar da za ta kai babban asibiti. Haka nake yi wa iyaye mata faɗa. Ki tambayi mace haihuwarta nawa, sai ta ƙirga waɗanda ke wasa a tsakar gida ta tsaya. Sai kin zauna, kin yi ta lallashi, sannan ta kalli ƙasa ta ce akwai biyu da suka koma kafin suna.

Sai dai laifi tudu ne. Ni da nake wannan faɗan, duk asibitin da na je don kaina aka tambaye ni haihuwa nawa, cewa nake yi babu. Shekara tara ina faɗin haka.

Aure ne ya kawo ni Abuja daga Katsina. Mijina kayan gyaran mota yake sayarwa a Apo, muka kama ɗaki ciki da falo a Karmo, a wani lungu da in aka yi ruwa sai an jera bulo a taka. Da asuba yake fita, sai bayan magariba ya dawo, ni kuma in yini da rediyo da takardun karatun adana bayanan asibiti da nake yi a lokacin. Ranar da naƙuda ta zo ya riga ya fita. Maƙwabciyata ce ta kai ni ƙaramin asibitin unguwa, ta ajiye ni ta koma wajen kaskon awararta, don ba ta da mai tsare mata.

Na sauka da hantsi. Abin da nake riƙe da shi kaɗan ne: wani kuka siriri kamar na ɗan akuya, da nauyin abu mai ɗumi a ƙirjina, da baki ƙarami yana lalube. Daga nan jini ya ɓalle mani, na ga fanka tana juyawa tana nisa, ban sake sanin inda nake ba. Da na farka rana ta yi sanyi, an ɗaura mani ruwa a hannu, mijina yana zaune a gefen gado da jar ƙasa a ƙafar wandonsa. Ya ce, “Sai haƙuri. Mace ce, amma an ce ba ta zo da rai ba. Na kai ta.”

Na ce masa na ji kukanta. Na ce an ɗora mani ita. Ya ce zafin ciwo ne, mace a wannan hali tana jin abin da babu. Bayan kwana biyu mahaifiyata ta iso, na sake faɗa mata, ta riƙe mani hannu ta ce, “Kul. Haihuwar fari ce, kada ki bari a ga hawayenki. Wadda ba ta shaƙi iskar duniya ba, me za a yi ta faɗa a kanta? Allah zai kawo mai amfani.” A gidanmu mace ba ta nuna ɗokin ɗan fari ko yana raye, balle wanda ya koma. Ban sake tayar da maganar ba. Na yi wankan jego kamar kowace mai jego, nono ya cika ya yi ta zuba a banza har ya gaji ya ƙafe.

Wani cikin bai sake zuwa ba. Aurenmu bai mutu da faɗa ba, zama ne ya yi ta yin sanyi har muka ga gara kowa ya kama gabansa. Ya sake aure, ya haihu. Ni ban koma Katsina ba, don ba na son zaman jaje. Na samu wannan aiki, na kama ɗaki ɗaya a wata unguwa, tukunyata ƙarama, kofina ɗaya. Abin da ya fi rashin haihuwar ci mani tuwo a ƙwarya shi ne kokwanto. Tun ina cewa na tabbata, har na koma tambayar kaina ko dai gaskiyarsu ce. Mutum biyu da suka fi kowa kusa da ni sun ce ban ji ba. Wata rana in na tashi da safe kukan yana kunnena sarai, wata rana in neme shi in rasa, in ce ƙila na jaririn gadon kusa ne.

Na san inda amsar take tun ranar da na fara aiki. Kuma na guje ta. Duk lokacin da aka raba wuraren zuwa, Karmo ta faɗo a kaina, sai in roƙi abokiyar aikina mu yi musanya, in ɗauki ƙauye mai nisa in bar mata. Tana ganin wauta ce, tana karɓa da murna. Tsoro nake ji in buɗe in tarar da gidan nono babu komai. In haka ta faru, ɗan abin da nake da shi ma ya tafi.

A wata damina abokiyar aikin ta tafi hutun haihuwa, babu wanda zan yi musanya da shi.

Karmo ta ƙara cika, amma ba ta canja hali ba. Ranar kasuwa ce, 'yan gwanjo sun baje har bakin kwalta, kwata ta cika ta tumbatsa, masu baro suna ta neman hanya. Asibitin an yi masa sabon fenti, an ƙara ɗaki ɗaya. Na yi aikin da ya kawo ni tukuna, na watanni ukun da aka ce in duba, kuma na yi shi da kyau, har na kama layi biyu masu irin ƙaryar nan. Da na gama na rufe biro na tambayi inda ake ajiye tsofaffin littattafai.

Wata dattijuwar ungozoma ce ta kai ni. 'Yar Filato ce, gajeriya, da gilashi rataye a wuya da ɗan gicciye a sarƙa. Ban gane fuskarta ba, muryarta na gane. Ta buɗe wani kabad na ƙarfe a ɗakin ajiya tana cewa, “Madam, wannan ai ya wuce, shekara da yawa. Oga ne ya ce a duba?” Na ce a'a, ni ce nake so. Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Littattafan a jibge suke, danshi ya kumbura su, gara ta ci gefen wasu. Na ciro na shekarar, na ɗora a kan wani kwali, na durƙusa. Ranar ba sai na tuna ba. Na bi shafin da yatsa har na ga sunana, an rubuta shi ba daidai ba, da shuɗin biro. Lokacin sauka, tara saura na safe. Mace. Nauyi ya ɗan gaza. Sai na sa tafin hannu na rufe sauran layin, na zauna haka ina jin ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ni da nake tura wa mutane littafi a gaba, na kasa ɗaga hannuna.

Da na ɗaga, alamar tana nan a gidan nono, 'yar ƙarama, ta karkace. Can ƙarshen layi kuma, da wani biro baƙi, an sa wata a gidan “bai zo da rai ba”.

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da na ji sauƙi ne, irin na wanda aka daɗe ana ce masa mahaukaci sai ga shaida ta fito. Bayan sauƙin sai fushi ya biyo. Na juya littafin na tura mata, kamar yadda na saba, amma tambayar da na saba yi ta ƙi fita. Na ce, “Sista, wannan ni ce.”

Ta sa gilashi, ta sunkuya, ta bi layin daga farko har ƙarshe, ta sake bi. Ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, “Kai ne? Wayyo. Rubutuna ne, ba zan ce ba nawa ba. Amma gaskiya ban tuna ba, madam. Mata da yawa sun wuce a hannuna.”

Na tambaye ta me ya sa.

Ta jawo wani kwali ta zauna. Ta ce, “Fom yana ciki, ba zan yi maka ƙarya ba. Likita ba ya zuwa kullum, kuma sai ya sa hannu kafin a ba da gawa, baban yaro kuma ba zai jira gobe ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. In baba ya zo ka ce masa yaro ya yi rai sannan ya mutu, zai riƙe abin a zuciya, zai ce da an yi kaza. In ka ce bai zo da rai ba, sai ya ce Allah ya yi, ya ɗauka ya tafi. Ina ganin yana yi masu sauƙi. Tun ina sabuwa haka na ga manya suna yi.”

Na ce, “Sista, kin san a wurinmu jaririn da ya yi kuka ana yi masa wanka, a yi masa sallah kamar babba? Wanda bai yi ba, naɗe shi kawai ake yi a binne.”

Ta cire gilashin. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce shekarunta nawa a Karmo, rabin matan da take karɓa Musulmi ne, tana cin tuwon sallarsu, suna cin shinkafar Kirsimetinta, ba wanda ya taɓa gaya mata. Na yarda da ita, don su ma iyayen ba su san akwai abin da za su gaya mata ba. Ta juya ta kalli kabad ɗin da littattafan da ke jibge a ciki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, “To su nawa ke nan?”

Fushin da na taso da shi ya rasa inda zai sauka, don matar da ke gabana ita ce ta tsayar mani da jini a ranar, kuma ita ce ta ɗora mani 'yata a ƙirji.

Akwai ƙa'idar gyara da nake koya wa ma'aikata: ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. A ja layi ɗaya a kan kuskure yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, wanda ya yi aikin ya sa hannu. Na miƙa mata birona. Ta ja layin, ta sa alama a gidan waɗanda suka zo da rai suka rasu, ta sa hannu. Mu duka mun san ba abin da zai canja a sama. Lissafin wannan shekara an daɗe da rufe shi, an buga, an yi taro a kansa an watse. Littafin zai koma kabad, gara ta ci gaba da aikinta. Ta ce, “Sori, madam. Ka yafe mani.” Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Da na fito ruwa ya tsagaita. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai sayar da buhuna, na nemo lambar tsohon mijina, wadda ban kira ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya ɗauka, ina jin ƙarar guduma da ta janareto a bayansa.

Ya ce, “Lafiya dai ko?”

Na ce, “Lafiya. Maganar yarinyar nan ce.”

Ya ce wace yarinya, sai kuma na ji ya matsa inda ƙara ta ragu. Na gaya masa abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ta zo da rai, ta sha nono, an rubuta.

Ya ce, “Bayan azahar na iso, hanya ta cushe. Da aka miƙo mani ita a zane, jikinta da ɗumi. Na ji a hannuna. Na ce ƙila haka suke. Liman ya tambaye ni ko ta yi kuka, na ce masa an ce ba ta zo da rai ba, ya ce to ba sai an yi sallah ba. Mu biyu muka kai ta.” Ya ja numfashi. “Kin gaya mani a ranar. Na ce miki zafin ciwo ne.”

Na tambaye shi ko zai gane wurin. Ya ce maƙabartar ta cika tun tuni, gefen yara ba a sa alama, ko shi ba zai iya nunawa ba. Ya ce in yafe masa. Na ce ba don haka na kira ba. Na kira ne don duk duniya shi kaɗai ne wanda yarinyar nan 'yarsa ce kamar yadda take tawa, kuma ba ni da wani da zan gaya wa. Wani ya kira shi daga cikin shago yana tambayar wani ƙarfe, ya ce yana zuwa. Muka yi sallama.

A mota na yi lissafin. Daga tara saura zuwa azahar. Ina kwance a gado ɗaya ban san inda nake ba, ita tana wani gefen ɗakin tana fama da numfashi, tsawon rabin yini, ba uwa ba uba a kanta. A nan kukan ya zo mani, a kujerar baya, tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani ɗan sanda. Ba wanda ya tambaye ni, kowa ya kalli tagarsa, ni ma na fi son haka.

Mahaifiyata ban gaya mata ba. Ta tsufa, kuma abin da ta faɗa mani a lokacin shi aka faɗa mata a nata lokacin. Aiki kuwa na ci gaba da shi, ina kai yatsa gidan nono kamar da. Abin da na daina shi ne tambayar nan ta gawa. Yanzu in na kama layi sai in ce wa mai littafin ta zauna, in tambaye ta abin da aka gaya wa uban.

Bayan wata biyu na je asibiti a duba mani hawan jini. Aka ba ni sabon kati, wata yarinyar nas tana cikewa ba ta ko ɗago kai. Shekaru, aure, aiki. Sai ta ce, “Haihuwa nawa?”

Na ce, “Ɗaya.”

“Yana raye?”

“Mace ce. Ta yi rabin yini.”

Ta ɗago ta dube ni, ta koma kan katin, biro yana yawo a sama ta rasa inda za ta sa. Na miƙa yatsa na nuna mata gidan.